Ɗana ya tsinto ’ya’yan tsuntsu biyu a ƙasa, ɗaya ya mutu a hannuna

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara, ƙila wasu su ga abin kaman wasa amma wallahi ya hana ni barci. Mijina ya rasu wata takwas kenan, ina zaune a gidansu nan Aboabo da yarana biyu da mahaifiyarsa. Shekaranjiya da dare da aka yi ruwan nan mai iska, da gari ya waye ɗana mai shekara tara ya tsinto ’ya’yan tsuntsu guda biyu ƙarƙashin mangwaron bayan gidanmu da wasu ’yan tsinkaye a warwatse kusa da su, ya kawo su ɗaki cikin kwalin takalmi. Gashinsu bai gama fitowa ba, akwai wani siririn gashi rawaya-rawaya a jikinsu, bakinsu dogo mai laushi, kuma ko na kai musu abinci ba sa buɗe baki. Sai na buɗe bakin ɗaya na ɗura masa koko da madara da cokalin shayi, ko awa ɗaya bai yi ba ya mutu a tafin hannuna. Yaron ya yi kuka kaman ranar da aka fita da babansa. Yanzu saura ɗaya, ya ƙi zuwa makaranta yana gadinsa, wai shi ma maraya ne irinsa. Hajiya surukata kuma ta ce a fitar mata da shi daga gida, tsuntsun daji a ɗaki ba alheri bane, kuma tunda hannun mutum ya taɓa shi uwar ba za ta karɓa ba ko an mayar, gara a jefar kawai. Akwai kyanwa da kaji a gidan. Wata kurciya kuma tana ta zuwa kan wayar layit tana kuka tun jiya, ban sani ba ko ita ce. Ina tsoron ɓata wa Hajiya rai, ina tsoron karya zuciyar yarona, kuma ina jin kaman ni na kashe na farkon. Ya zan yi?

Uwar yara biyu, Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki saboda ita ba ta jiran gobe, kuma kar ki ƙara cewa abin wasa ne, wanda ya ga yaro ɗan shekara tara yana kuka a kan kwalin takalmi ya san ba tsuntsu kaɗai yake yi wa kukan ba.

Bari in fara da abin da kika sa a can ƙarshen wasiƙa kaman ba komai ba, wato kurciyar nan ta kan waya. Ni a wurina ita ce maganar gaba ɗaya. Yadda kika siffanta ’ya’yan, guda biyu, gashi rawaya-rawaya, dogon baki mai laushi, ba sa wangale baki, ga tsinkaye a ƙasa, wannan ’ya’yan kurciya ne, kuma daga jin gashin nan ba su wuce kwana biyar zuwa sati ba. Kurciya ƙwai biyu take yi, sheƙarta kuwa duk cikin tsuntsaye da wuya ki sami ta raggo irinta, ’yan tsinkaye ne take jerawa a kan reshe har wani lokaci in kika tsaya a ƙasa kina hango ƙwan ta cikinsu, to iskar damina irin ta Kumasi ɗin nan ai abu kaɗan ne a wurinta ta watsar da ita. Kinga kenan ba wanda ya gudu ya bar kowa, iska ce ta yi aikinta, wadda kike ji tana kuka kuwa ko uwar ce ko uban, don su kurciyoyi tare suke kwanci tare suke renon. Ɗan nan na cikin kwali ba maraya bane, iyayensa suna bayan gidanku suna nemansa, ku ne dai da kyakkyawar niyya kuka shigar da shi inda ba za su gan shi ba.

Maganar wanda ya mutu, zan gaya miki gaskiya don na ga ke mai son gaskiya ce. Eh, akwai yiwuwar kokon ne, don tsuntsu ramin numfashinsa yana nan a gindin harshe a buɗe, in aka ɗaga baki aka zuba abu mai ruwa sai ya bi ta nan ya tafi huhu, shi kenan. Madara kuma ko ta bi hanyar daidai cikin tsuntsu ba ya narkar da ita, zawo take sa shi. Amma kuma ki tuna ya faɗo daga kan mangwaro, ya kwana cikin ruwa da sanyi, ƙila ma da ciwonsa a ciki tun kafin yaronki ya gan shi, kuma ɗan tsuntsun da jikinsa ya yi sanyi ko abincin kirki aka ba shi ba ya iya sarrafa shi. Ni kaina ina ’yar shekara goma haka na kashe wani ɗan gwara da ruwan cokali a barandarmu, ina ta murna wai ina shayar da shi, sai da na girma na san abin da na yi. Kin ga abu mai rai yana jin yunwa kin ba shi abin da kike ba ’ya’yanki, ba a kiran wannan kisa. Ki yi istigfari in zuciyarki ta fi natsuwa da haka, ki ajiye nauyin nan ƙasa, akwai aiki a gabanki yau.

Dalilin da ya sa ba sa buɗe baki kuwa shi ne ba haka ake ciyar da su ba. Ɗan kurciya da ɗan tantabara su ne ke cusa bakinsu cikin bakin iyayen su tsotso, kuma a kwanakin farko abin da suke sha wani abu ne mai kauri kaman cuku da ke fitowa daga jakar abincin nan ta ƙasan wuyan iyayen, uwa tana yi uba ma yana yi, daga baya su riƙa haɗa musu da tsabar da ta jiƙa a cikinsu. Babu abin da za ki dama a kicin ɗinki da zai kamo ƙafar wannan, shi ya sa shawarata ta farko da ta biyu duk ɗaya ce, a mayar da shi.

Nasan abin da Hajiya ta ce, kuma ba ita kaɗai ba, kusan dukkanmu da wannan maganar aka rene mu, wai in ka taɓa ɗan tsuntsu uwar za ta ji warin hannunka ta ƙi shi. Ba haka bane. Tsuntsu da kuka da gani yake gane ’ya’yansa, kuma wahalar da ya sha a kansu ba ya zubar da ita don yatsan mutum ya taɓa su. Inaga tsofaffinmu sun ƙirƙiro maganar ne don yara su daina hawa bishiya suna kwasar sheƙa, dabara ce mai kyau, amma yau ita ce za ta sa a jefar da abin da zai iya rayuwa. Abin da ke korar iyaye shi ne mutane su yi dafifi a gindin bishiya suna hayaniya, ko kuma a daɗe ba su ga ɗan ba har su fid da rai su fara sabuwar sheƙa, wannan ne ma ya sa nake ce miki yau ɗin nan, ba jibi ba.

Ki fara ɗumama shi tukuna. Ki zuba ruwan ɗumi a kwalba ko gorar roba, ki sa cikin safa ko ki naɗe da tsumma, ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin yadda in zafi ya yi masa yawa zai iya matsawa, ki rufe kwalin da ’yan huji a wuri mai duhu ba hayaniya. Kar ki sa shi a rana kai tsaye, kar ki kai shi kusa da kurfoti. In kika ji jikinsa ya yi ɗumi a tafin hannunki kuma yana motsi, ki zuba ruwan ɗumi kaɗan a murfin kwalba ki tsoma ƙarshen bakinsa kawai, banda hanci, in yana so zai zuƙa da kansa don kurciya zuƙar ruwa take yi, in bai zuƙa ba ki ƙyale shi. Daga nan sai ki nemo ƙaramin kwando ko tsohon mataci na roba mai huji-huji, dole ya zama ruwa yana zuba ta ƙasa in ba haka ba ruwan sama na gaba zai mayar da shi kwanon wanka, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa da tsinkayen nan da suka faɗo, banda auduga da tsumma don suna riƙe danshi kuma zare yana naɗe musu ƙafa. Ki sami wani saurayi cikin ’yan gidan ya hau ya ɗaure kwandon da waya tamau a reshen da ya fi kusa da inda sheƙar take, cikin inuwar ganye, sama da inda kyanwa za ta yi tsalle ta kai, a duba kuma kar ya zama reshen da tururuwa ke bi. Dan Allah kar ki bar ɗan shekara tara ya hau mangwaro jiƙaƙƙe, kar garin neman gira a rasa ido.

Sai kowa ya ja baya. Wannan shi ne mai wuyar, don yaran unguwa da sun ji labari za su cika wurin, wani ma da danƙonsa a aljihu. Ku leƙa daga taga ko daga nesa. Kuma ki sani kurciya ba irin ƙananan tsuntsayen nan bace da ke zirga-zirga kowane minti, ɗan da ya kai sati sau kaɗan take ciyar da shi a yini, don haka in kin duba awa ɗaya ba ki ga komai ba kar ki ce ta ƙi. Da yamma kafin magariba a sauko a taɓa ƙasan wuyansa a hankali, in jakar nan ta cika ta yi taushi kaman ƙaramin ƙullin gero to an ciyar da shi ko ba ku gani ba, ku bar shi. In kuwa fayau take kuma ba babbar da ta zo ta kwanta a kansa, ku shigo da shi ya kwana da ɗumi, da asuba a sake mayarwa. Ki ba su kwana biyu ana haka.

Yanzu yaronki, wanda shi ne ya fi damuna. Kar ki fitar da tsuntsun yana makaranta ko yana barci ki ce masa ya tashi ya tafi, yaron da aka fita da babansa yana kallo bai kamata a sake ɗauke masa abu a ɓoye ba, kuma yara suna gane ƙarya fiye da yadda muke zato. Ki kama hannunsa ki kai shi bayan gida ki nuna masa kurciyar kan waya, ki ce masa ka ji kukan nan, ɗanta take nema. Ki ba shi labarin da Abdullahi ɗan Mas’ud ya bayar, lokacin da suna tafiya da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sahabbai suka ga wata ’yar tsuntsuwa da ’ya’yanta biyu suka ɗauke ’ya’yan, ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu, da Annabi ya dawo ya tambaya wa ya tayar wa wannan hankali a kan ’ya’yanta, ya ce a mayar mata da su. Ƙila ma malaminsu na makaranta ya taɓa karanta musu. Ki ce masa shi ya ceci ɗan nan daga bakin kyanwa, wannan ladansa ne ba mai ƙwace masa, saura rabin aikin shi ne ya mayar wa uwa ɗanta. Shi zai jera ciyawar cikin kwando, shi zai miƙa wa mai hawa, shi ne sarkin gadin mangwaro da safe kafin ya tafi makaranta da kuma in ya dawo, amma makaranta kam za a je, ki ce masa ke za ki riƙe gadin kafin ya dawo, ki kuma cika alkawarin ko da kallon ta taga ne.

Kalmar nan da ya faɗa, maraya irina, kar ki yi saurin rufe masa baki da kai daina faɗin haka. Wata takwas yana ɗauke da abu a ƙirji, ƙila yana ganin kina kuka yana ɓoye nasa don kar ya ƙara miki, sai ga ɗan tsuntsu ya buɗe masa hanyar magana. In kun zauna kuna kallon bishiyar ki bar shi ya yi maganar babansa in ya ɗauko, ba sai kin yi wa’azi ba, ki saurara kawai. Kuma ki gaya masa tun yanzu cewa ɗan nan zai iya rayuwa zai iya mutuwa, ’ya’yan tsuntsu da yawa ba sa kaiwa ga tashi ko a hannun iyayensu. In hakan ta faru ki tuna da Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu, Manzon Allah ya same shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha, bai ce masa kai tsuntsu ne kawai ba. In kika ga ƙin makarantar ya zarce bayan maganar tsuntsu ta wuce, ko ba ya ci ba ya barci, to ki je ki ga malaminsa, ki kuma nemo wani baffa ko kawu da yake sake jiki da shi.

Hajiya kuwa, ki bi ta a hankali, ita ma ɗanta ta binne, kuma tsohuwar da mutuwa ta shigo mata gida duk abin da ya yi kama da alama tsoronsa take ji. Kar ki je mata da Hajiya wannan camfi ne, ba za ki ci riba ba, kuma ke za ki ci gaba da zama da ita bayan kurciya ta tashi. Ki lura ma ku biyun abu ɗaya kuke so, ita tana so ya fita daga ɗaki, ni ma abin da nake ce miki kenan, bambancin kawai ita bola ni bishiya. Ki ce mata Hajiya kin yi gaskiya ba zai ƙara kwana biyu a ɗaki ba, za mu mayar wa uwarsa mu gani, ko kina da tsohon kwando ki ara mana. Wallahi zakiga ta sauko, ƙila ma ita za ta riƙa korar yara daga gindin mangwaron. Kuma a wani ɓangaren tana da gaskiyarta, tsuntsun daji yana iya ɗauke da ƙwari da cuta, ƙasar nan Ghana ta sha murar tsuntsaye a 2007 da 2015 da 2021 har aka hallaka kaji masu yawa, don haka kwalin nan kar ya kwana inda ƙaramin yaronki ke kwana, kar ya kusanci kajin gida ko wurin girki, duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, banda sumbata banda ciyarwa da baki.

To in kwana biyun sun cika iyayen ba su sauka ba fa? Kafin ki ɗauki renon a kanki ki nemi masu kiwon tantabara, ba zangon da za ki shiga a Kumasi, Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, ki rasa wani dattijo ko saurayi mai ɗakin tantabaru, su sun saba ciyar da ’ya’yan da iyaye suka yar kuma hannunsu ya faɗa, ki roƙi ɗaya ya nuna miki sau ɗaya ko ma ya karɓa. In ke za ki yi, ki sayi abincin ’yan tsaki, sitata, a wurin masu sayar da abincin kaji, ki jiƙa da ruwan ɗumi ki tace ya yi kaurin koko mai kauri, ba siga ba madara ba gishiri, ɗuminsa kaman na jikin mutum. Ki yanke kan sirinji ki rufe bakin da guntun balan-balan ki tsaga ɗan rami, ki sa bakinsa ciki, zai tsotsa da kansa kaman bakin uwarsa ne. Ki tsaya in jakar wuyan ta cika ta yi taushi, kar ta yi tauri, kuma kar ki ƙara sai ta kusa saɓewa, kaman duk awa uku zuwa huɗu da rana, da dare a bar shi ya yi barci. In gashi ya rufe jikinsa sai ki fara watsa masa gero da dawa kina ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa ya koyi tsattsaga. Aiki ne na sati biyu zuwa uku, ki auna da sana’arki da ƙarfinki, in ba za ki iya ba ba laifi bane ki miƙa. In kuma kika ga jini, ko fiffike a saɓule, ko kyanwa ta taɓa sa masa baki ko da ba ki ga rauni ba, wannan ya wuce gida, yawun kyanwa yana da ƙwayar cutar da ke kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a ba shi magani ba, sai likitan dabbobi. Akwai makarantar likitocin dabbobi a jami’ar KNUST nan Kumasi, akwai kuma gidan zu da ke kusa da kasuwar Kejetia wanda ma’aikatan namun daji na Hukumar Gandun Daji ke kula da shi, motar trotro ɗaya ce daga wurinku, ki je ki tambaya.

Tunda damina ce kuma nasan ba ɗanki kaɗai ke tsintar irin wannan ba, bari in ɗan ce wa sauran iyaye wani abu. Yawancin ’ya’yan tsuntsun da yara ke kawowa gida ba faɗowa ma suka yi ba. In kin ga jikinsa ya rufe da gashi, wutsiya gajera, yana tsalle-tsalle yana iya kama yatsa da ƙafarsa, wannan koyon tashi yake yi, da kansa ya bar sheƙa kuma iyayen na kusa suna kawo masa abinci a ƙasa na wasu kwanaki, iyaka ki ɗauke shi daga hanya ko bakin gota ki ɗora a reshe ko cikin shuke-shuke nan kusa ki tsare kyanwa. Tsirara mai rufaffen ido shi ne ake mayarwa sheƙa. Masu wangale bakin nan kuwa ƙwari ake ba su, kusan duk rabin awa tun fitowar rana har faɗuwarta, wace uwa ce mai tuyar ƙosai za ta iya wannan. In kuma ɗan mujiya ne, dan girman Allah a daina jifansa, ɓeraye iyayensa ke kama mana duk dare, a bar shi inda yake ko a kira ma’aikatan namun daji.

Naki dai in Allah ya raya shi, ko a kwando ko a hannu, ranar da ya fara tashi da ƙarfi yana cin tsaba da kansa ba na keji bane, nan gindin mangwaron za a bar shi inda ’yan’uwansa ke sauka kiwo, ɗanki ya riƙa watsa ɗan gero da safe yana kallo daga nesa. Ki tashi yanzu ki ɗora ruwan ɗumin nan, ki je wurin Hajiya maganar kwando, ki kuma rubuto min jibi in ji ko kurciyar ta sauko daga kan wayar. Ki gaishe min da sarkin gadi.